Nas ta kiran bidiyo za ta iya jinyar Hajiya a gida?

Tambaya: Ina aiki a Fatakwal, mahaifiyata tana Kano, shekarunta 76. Tana da hawan jini da ciwon suga, bara kuma ta samu shanyewar ɓarin jiki, amma da sauƙi, yanzu tana takawa da sanda. Tana zaune da ƙanina da matarsa da yaransu. Wani kamfani ya yi min tallar cewa in ina biyan kuɗin wata, nas za ta riƙa duba ta ta kiran bidiyo, ba sai an riƙa wahalar da ita zuwa asibiti ba. Abin nan yana aiki kuwa, ko cin kuɗi ne kawai?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri. Yana aiki, amma wani ɓangare na jinyar kawai yake ɗauka. Nas ɗin da ke cikin waya tana da ido da kunne, hannu kuwa sai dai ta ari na wanda ke cikin ɗakin. Don haka kafin ka tura wa kowane kamfani ko sisin kwabo, ka fara warware wannan da 'yan gidanku: wa zai riƙe wayar, ya ɗaura wa Hajiya na'urar awon jini, ya ɗaga ƙafarta a duba tafin, kuma in dare ya raba aka ga abin da ba a gane ba, wa zai tayar da mota?

Bari in fara da abin da aka gwada a ƙasashen da suka riga mu, don masu talla rabinsa suke kawowa. A 2008 gwamnatin Ingila ta fara wani babban gwaji a yankunan Kent, Cornwall da Newham, da mutum 3,230 masu ciwon suga, raunin zuciya ko daɗaɗɗen ciwon huhu. Wasu aka ba su na'urori a gida suna aika sakamakon awo, ma'aikatan jinya na bibiya daga nesa, wasu aka bar su a kan yadda aka saba. Da sakamako ya fito a 2012, cikin shekara guda kashi 4.6 cikin ɗari ne suka rasu a ɓangaren da ake bibiya, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8.3. Wannan adadin ne za ka ji ana yawo da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da aka zauna aka yi lissafi an tarar kuɗin da tsarin ya ci ya fi ƙarfin amfanin da aka samu, kuma marasa lafiyar ba su ji rayuwarsu ta fi ta 'yan'uwansu daɗi ba. A Amurka kuma, wani gwaji da aka wallafa a 2010 kan mutum 1,653 masu raunin zuciya bai nuna bambanci ba ko kaɗan. Can na'ura ce ke amsa waya, mara lafiya yana danna lambobi yana ba ta amsa. Kashi 14 cikin ɗari ba su taɓa kira ba ko sau ɗaya, zuwa ƙarshen wata shida kuwa kusan rabi sun yi sanyi. Sai na Jamus da ya fito a 2018, da mutum 1,571: su cibiya suka kafa a asibitin Charité na birnin Balin, likitoci da nas-nas suna zaune dare da rana, awo na kaucewa su ɗaga waya, su gyara magani ko su ce a kwantar. Nan yawan mace-mace ya ragu, kwanakin da ake ɓatawa a gadon asibiti ma suka ragu. Ni abin da na fahimta daga ukun nan shi ne, amfanin yana hannun mutumin da ke ganin awon yana ɗaukar mataki a ranar. In babu shi, lamba kawai ake tarawa.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan kusa da tambayarka. A Nuwamban 2020, lokacin korona, hukumar Medicare, mai kula da inshorar lafiyar tsofaffi a Amurka, ta amince asibitoci su riƙa kwantar da mara lafiya a gadonsa na gida. Likita zai iya duba shi ta bidiyo, amma an gindaya sharaɗi: ma'aikacin lafiya ya taka gidan da ƙafarsa sau biyu kowace rana, kuma in gaggawa ta taso a iso cikin minti 30. Ingila ma, da irin wannan tsari nata ya wuce gadaje 10,000 a ƙarshen 2023, nas-nas suna zagaya gidajen. Masu motar asibiti a bakin waya ke nan ba su yarda bidiyo ya tsaya shi kaɗai ba. Mu da motar asibitinmu ita ce ta maƙwabci ko Adaidaita Sahu ai mun fi su buƙatar wannan sharaɗin.

Yanzu ga inda bidiyon ke da amfani, kuma amfanin ba kaɗan ba ne. Ka san amsar da Hajiya ke ba ka duk lokacin da ka kira: jiki da sauƙi, alhamdulillahi. Za ta faɗi haka ko da ba ta runtsa ba jiya, don ba ta so hankalinka ya tashi kana nesa. Gani kuwa ya kori ji. Nas ɗin da ta san aikinta tana gaisawa tana kallon ko Hajiya na kai ƙarshen magana ba tare da ta tsaya jan numfashi ba, filo nawa aka tara mata a baya, leɓenta a bushe yake ko a'a, kwanon kunun da ke gefe an taɓa shi ko yana nan yadda aka kawo. Tana iya ƙirga numfashi ta kallon ƙirji na minti guda: 12 zuwa 20 shi ne daidai, in ya kai 25 akwai magana ko da babu zazzaɓi.

A kiran farko ni, a matsayina na nas, ledar magani nake fara nema, ita kanta ledar, kafin katin asibiti. Sai in ce a zazzage ta a kan faranti, a haɗo da wanda ke ƙarƙashin filo da wanda ke cikin jakar zuwa unguwa, a ɗago kowane kwali kusa da kyamara ɗaya bayan ɗaya, a juya bayansa in ga ranar lalacewa, a nuna min sachet ɗin in ƙirga gurbin da aka ɓalle. Abubuwan da ke fitowa daga irin ledar nan kusan kullum iri ɗaya ne. Amlodipine, ƙwayar hawan jini, sau biyu, ɗaya daga asibiti, ɗaya wani ɗa ya sayo a kemis da sunan wani kamfani daban, tsohuwa na shan duka biyun a matsayin magunguna biyu, ga jiri ga kumburin ƙafa. Diclofenac ko piroxicam na ciwon gwiwa, waɗanda ke ɗaga hawan jini, su taɓa ƙoda, su kuma iya jawo zubar jini a ciki, balle ga wadda wataƙila an ɗora ta a kan asfirin bayan shanyewar jiki. Ƙullin ƙwayoyi marasa suna a farar takarda, wanda sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, shi kuwa suga yake harbawa sama. Sachet ɗin da ya kamata a ce ya kusa ƙarewa amma yana nan cif, wato ba a sha. Sai gorar jiƙo da wata 'yar'uwa ta aiko daga ƙauye. Ba na faɗa a kan jiƙon a kiran farko, don in ka yi faɗa ɓoye shi za a yi, gara in san da shi in gaya wa likita. In na ga glibenclamide, wanda mutane suka fi sani da Daonil, shi ma ina rubuta wa likita, domin a jikin tsoho yana iya faɗar da suga ƙasa ya daɗe bai tashi ba. Ka lura na ce ina rubuta wa likita. Nas ba ta canja magani ko ƙara shi da kanta, ta bidiyo ko ido da ido, kuma duk kamfanin da nas ɗinsa ke yin haka ba tare da likita a bayanta ba ka guje shi.

Na biyu, tafiya. A sa Hajiya a kujera mai hannu, ta tashi, ta taka mita 3 da sandarta, ta juyo, ta dawo ta zauna, wani yana gefenta. In abin ya ɗauke ta daƙiƙa 12 ko fiye, tana cikin masu haɗarin faɗuwa. Daga nan sai mai riƙe da waya ya bi hanyar da take bi da asuba, daga gado zuwa banɗaki, kyamara na kallon ƙasa. A nan ake ganin dokin ƙofa mai tsayi, bakin tabarma da ya naɗe, tayil mai santsi a wurin alwala, masan tsuguno babu abin riƙewa, da duhu in an ɗauke wuta. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin wata guda na kamfani ba: kujerar roba a wurin alwala, ƙarfen riƙewa a bango, kujerar ba-haya a gefen gado don dare, fitila mai caji. Karayar ƙugu a wannan shekarun takan kwantar da mutum kwanciyar da ba kowa ke tashi daga ita ba.

Na uku, koyar da awo. Yawancin gidajen da ke da na'urar awon jini ba daidai suke amfani da ita ba, kuma ta bidiyo ana gyara wannan a zama ɗaya. A sayi ta damtse, ta wuyan hannu ba ta da tabbas. Hajiya ta zauna minti 5 ta huta, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan filo daidai ƙirji, a ɗaura a kan fata ba a kan hannun riga ba, a hannun da bai shanye ba. Ban da goro ko shayi mai kauri rabin awa kafin nan, ban da hira ana cikin awo, wanda shi ne mafi wuya a gidan da jikoki ke shiga suna fita. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin magani da kuma yamma, a rubuta a littafi da kwanan wata. Lokaci-lokaci a auna tana kwance, sannan a sake bayan ta miƙe tsaye: in lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ga dalilin jirin da take ji in ta tashi sallar asuba, kuma likita na buƙatar sani. Na'urar suga kuma a duba ma'aunin da take bayarwa. Wasu mg/dL suke nunawa, wasu mmol/L, tsakaninsu ninki 18 ne, wato 7 a wannan shi ne 126 a waccan. Gida mai na'ura biyu iri daban-daban yakan ruɗe a nan.

To, ga abin da bidiyo ba ya yi. Ba ya taɓawa, ba ya shinshinawa, kuma babban kaso na jinyar tsoho da waɗannan biyun ake yin sa. Ɗauki gyambon kwanciya. Littattafan da aka koyar da mu da su suna cewa alamar farko jan fata ne, amma a fatarmu jan ba ya fitowa. Abin da ake samu shi ne wurin ya ɗan fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, ya fi zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi ƙarƙashin yatsa. Kyamarar waya a ɗaki mai ƙarancin haske ba za ta nuna wannan ba. Sai mutum ya sa hannu a ƙashin mazaunai, da ƙugu, da dunduniya. Hajiya tana takawa, don haka yanzu haɗarinta kaɗan ne, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, a riƙa juya ta duk awa biyu zuwa huɗu ana duba wuraren nan.

Ƙafar mai suga ita ma haka. Jijiyoyin ji sukan mutu a hankali, ta taka ƙaya ko ta kusanta ƙafa da garwashi lokacin hunturu ba ta ji ba. Ta bidiyo zan iya ganin kaushi da faso, zan iya cewa a buɗe tsakanin yatsu, wurin da ruwan alwala ke kwanciya in ba a goge ba. Amma ba zan ji ko ƙafar ta yi sanyi ba, ba zan ji bugun jijiya a bayanta ba, ba zan ji warin da ke gaya wa nas cewa gyambo ya shiga ciki ba. Wannan dole wani ya duba kullum da hannunsa, kuma mai yankan farce na yawo da rezarsa ya yi nesa da ƙafar nan. Wankin gyambo, canja robar fitsari, allura, ƙarin ruwa, ɗibar jini, sauraren ƙirji, danna ciki, duk aikin hannu ne. Ga kuma gwajin ƙoda, da duba ido, da gwajin suga na wata uku, waɗanda sai an je. Saboda haka maganar ba sai an je asibiti ba, talla ce. Zuwan dai zai ragu.

Wataƙila su sayar muku da ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar jini. Tana da amfani, amma ku san rauninta. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa a jikin baƙar fata na'urar takan nuna iska ta isa alhali ta yi ƙasa, kusan ninki uku fiye da yadda take yi a jikin farar fata. Baƙin lalle da jan farce da hannu mai sanyi su ma suna ruɗa ta. In ta nuna 92 ko ƙasa a tafi asibiti. In ta nuna 96 amma Hajiya na haki, hakin za a bi, a tafi.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi, wato wanda ke cikin ɗakin. A yadda ka bayyana gidan, na san inda aikin zai faɗa: kan matar ƙaninka. Ka tambaye ta, kada a yanke mata daga Fatakwal. Ka kuma tuna akwai kunya tsakanin uwar miji da suruka. Akwai abin da Hajiya ba za ta buɗe mata ba, akwai tambayar da ita ma ba za ta iya yi wa Hajiya ba, irin su yoyon fitsari, ko kwana nawa rabonta da bayan gida, ko wani ƙaiƙayi a wurin da ba a faɗa. In akwai 'yarta ko ƙanwarta a kusa, a ware mata wannan ɓangaren. Nas ɗin ma ta kasance mace, mai jin Hausa sosai, wadda ta san yadda ake yi wa babba tambaya, ta san ta ce yara su ba su wuri. Jika mai wayo da waya zai iya riƙe ta ya kunna data, amma kada a ɗora wa ɗan shekara 13 hukuncin ko a tafi asibiti ko a bari sai safe. Sannan duk wadda ta ɗauki jinyar, a ba ta wani abu na kanta duk wata, a kuma samo mai karɓar ta ranar da za ta je gidansu. Nas ta gari takan keɓe da mai jinya a ƙarshen kira ta tambaye ta barcinta da bayanta. A gidaje da yawa ba a samun mai yi mata wannan tambayar.

Ita wayar, abubuwanta 'yan kaɗan ne. A yi kiran da rana, haske na dukan fuskar Hajiya, kada taga ta kasance a bayanta. Wurin duba fata a juya zuwa kyamarar baya, ta fi ta gaba kyau, a riƙe cik. In kunnenta ya yi nauyi a sa mata abin sauraro, nas ta yi magana a hankali da fuskarta a fili, tsawa ba ta ƙara komai. A ajiye layi biyu na kamfanoni daban da fawa bank a cike. Ranar da netwok ya ƙi, a ɗauki hoto mai kyau a tura a yi kiran murya. Hoton gyambo a ɗauke shi da tef ɗin tela a gefe don a san girmansa, wuri ɗaya, haske ɗaya, kowane mako.

Yanzu abin da nake so a rubuta da manyan baƙi a manna a bangon ɗakinta, da lambar ƙaninka da ta mai motar da aka riga aka yi magana da shi. Akwai lokutan da ba a kiran bidiyo, mota ake nema, a kira nas a hanya. In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko magana ta harɗe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, sabon bugu ne, wato wata sabuwar shanyewar jiki, har sai an tabbatar ba shi ba ne. A duba agogo a riƙe lokacin, kada a ba ta ruwa ko abinci ko asfirin, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi ake bayarwa, don haka kowane minti da aka ɓata ana neman netwok asara ne. Haka in ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara, ko ta faɗi ta bugi kai, ko ta kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, nan ma asibiti kafin mai ɗori. Awon jini da ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa tare da ciwon kai mai tsanani, ko ruɗewa, ko ciwon ƙirji, a tafi. In babu ko ɗaya daga waɗannan, ta huta a sake aunawa, a kira nas a ranar, kada a ninka ƙwaya. Suga in ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, tana gumi tana rawar jiki amma tana iya haɗiya, a ba ta babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya tashi ta ci abinci. In ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita a gefe a tafi.

Akwai wani abu da ba ya zuwa da hayaniya, kuma a nan ne nas ɗin da ta saba da Hajiya ke biyan kuɗinta. Tsohuwa da jiya lafiyarta lau, yau tana kiran sunan mutanen da suka rasu, ko tana barci da rana tsaka ba ta son magana, ko tana neman fita cikin dare. Gida sai a ce tsufa ne, wasu su ce iska ce. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu ba ta tsufa ba ce. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko nimoniya, ko maleriya, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko suga, ko wani sabon magani, ko bayan gida da ya ƙi fita, kuma tsoho yakan ɗauki duk waɗannan ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a cikin mota. Ga wadda ta taɓa samun shanyewar jiki, a kula kuma da sarƙewa: in tana tari duk lokacin da ta sha ruwa, ko muryarta na yin kamar akwai ruwa a maƙogwaro bayan ta sha, a nuna wa nas a kira na gaba tana shan ruwan, don ta nan abinci ke zamewa huhu.

Bazarar Kano, watan Maris zuwa Mayu, lokaci ne da nake ƙara yawan kira. Zafi na wuce digiri 40, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wasu ma da gangan suke rage sha don gudun zuwa banɗaki, ga ƙwayar hawan jini mai sa fitsari. A ajiye mata gora mai ma'auni a san abin da ta sha, a duba launin fitsari, sai dai in likita ya ƙayyade mata ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Azumi kuma a yi maganarsa da likita wata guda ko biyu kafin Ramadan, ba daren ganin wata ba. Mai shekara 76 da suga da tarihin bugun jini tana cikin waɗanda likitoci suka fi ba shawarar su ciyar, kuma in malamin da take girmamawa ne ya gaya mata ta fi saurin karɓa. In ta dage, a san cewa tsinken gwajin suga ba ya karya azumi, kuma in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya azumin nan take.

Shi kamfanin, ka nemi cikakken sunan nas ɗin da lambar rajistarta da Majalisar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, da shaidar lasisinta bai ƙare ba. Ka tambaya ita ɗin ce za ta riƙa kira kullum ko duk wadda ke bakin aiki, domin sabuwar fuska kowane mako ba za ta gane Hajiya ta canja ba. Wane likita ne a bayanta, kuma suna magana da likitan da ke ganin Hajiya a asibiti? In aka kira ƙarfe biyun dare wa ke ɗauka? Ka gwada da kanka kafin ka biya. Suna da wanda zai zo gidan a Kano, cikin awa nawa? Suna naɗar kiran, ina suke ajiyewa, wa ke gani? Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu, kuma yardar da ake buƙata ta Hajiya ce, tunda hankalinta na nan, ko da kai ke biya. In suka kawo shawarar kafa kyamarar da za ta kwana a kunne a ɗakinta, ni ban goyi baya ba. A ɗakin nan take canja kaya, take ganawa da 'yan'uwanta, take kuka in ta tuna wani abu. Ƙararrawa a gefen gado da mutum mai kwana kusa sun fi ta amfani.

In ni zan tsara, zan fara da nas ta zo gidan da ƙafarta, ta duba Hajiya daga kai zuwa tafin ƙafa, ta koyar da mai jinya, ta gwada na'urorinku da nata. Sai kiran bidiyo sau biyu a mako a watan farko, a koma sau ɗaya in komai ya daidaita, a ƙara duk lokacin da aka canja magani ko aka sallamo ta daga asibiti. Ziyara da ƙafa kamar sau ɗaya a wata, ranakun ganin likita kuma suna nan yadda suke. Ba lallai sai kamfani ba ma: nas mai lasisi da ke unguwarku, wadda za ta yi kiran kuma ta iya zuwa da kanta, sau da yawa ta fi wadda ke Legas ko Abuja. Kai kuma ka riƙa shiga kiran wani lokaci, ka gaisa, ka saurara, sannan ka sauka ka bar su, don muddin kana kan layi amsar Hajiya ɗaya ce. Sakamakon awo da hotunan jikinta su tsaya tsakanin nas, da mai jinya, da ƙaninka, da kai. Kada a zuba su a guruf ɗin dangi, inda kafin la'asar za a samu mutum shida kowa da maganin da ya warkar da surukar maƙwabcinsa.